Ayarin Bilma a Tukunyar Amarya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni Bahaushiya ce uwa da uba, amma a Fatakwal aka haife ni, can na yi karatu, Hausar gidanmu kuma ba ta wuce "zo ki ci abinci" da "je ki kwanta" ba. Wata bakwai ke nan da aka kawo ni Kano, gidan yawa, ga uwar mijina, ga kakarsa, ga faccaloli biyu da ƙannensa mata. Ina jin kowace kalma da suke faɗa, amma wallahi sau da yawa ban san inda suka dosa ba. Ran nan na makara, na fito wajen ƙarfe goma, Hajiya, uwar mijina, ta ce, "A'a, su amarya har an tashi? Ai da an ƙara, gari bai waye ba." Na ce to, na koma ɗaki. Kwana biyu ba ta sake min fuska ba. Wata rana ta ɗanɗana miyata ta ce, "Ayarin Bilma ne ya sauka a tukunyar nan?" Aka yi ta dariya, ni ko Bilmar ban sani ba. Kakarsa kuwa kullum sai ta ce min mummuna, wai na ƙwace mata miji, sau biyu ina kuka a kan haka. Babbar facalata in na gifta sai ta dubi kajin gidan ta ce, "Kaza ke nan, ci ki goge baki." Na ji Hajiya tana gaya wa baƙi ina da sanyin hali, facalar kuma ta ce ina da sanyin jiki, ban sani ba ko abu ɗaya ne. Maigida ya ce in share su. Na nemo darasin adon harshe na 'yan makaranta na haddace, su kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa, kambamawa, amma ban ga inda suka haɗu da damuwata ba. Ƙawata ta ce in riƙa rama habaici a sitatus ɗin WhatsApp. Gwaggo, me waɗannan abubuwa suke nufi, kuma yaya zan yi?

Amarya, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Ki yafe min, sai da na ajiye wasiƙarki na yi dariya har da ƙwalla. Fuskar Hajiya nake hangowa: tana tsaye a tsakar gida, ta jefa magana tana jiran ta ga kin sunkuyar da kai, sai ga shi kin ce "to" kin ja labule. Na tabbata har yau in ta tuna sai ta girgiza kai.

Na daɗe ina koyar da Hausa a sakandare kafin in ajiye alli, kuma matsalar ɗalibaina kishiyar taki ce. Yarinya za ta yi wa 'yar ajinsu habaicin da zai hana ta cin abincin rana, amma ranar jarrabawar NECO a ce ta kawo misalin habaici ɗaya, sai ta zauna tana cizon biro. Su suna da kayan ba su san sunansa ba, ke kin haddace sunayen ba ki taɓa ganin kayan a buɗe ba. Sunayen nan da kika lissafo malaman jami'a ne suka tsara su, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, don a sami abin feɗe waƙa da shi. Tun kafin su, malaman zaure suna karantar da balaga ta Larabci, mai rassa uku, ma'ani da bayani da badi'i, inda ake kiran kamantawa tashbihi. Amma kayan da aka raɗa wa sunayen a bakin irin su Hajiya aka ɗebo su. Gidan da kike ciki ya fi kowane littafi cika.

Bari mu fara da safiyar nan. Abin da Hajiya ta yi miki sunansa gatse, wato a faɗi kishiyar abin da ake nufi, a bar ido da murya da lokaci su tona asirin zancen. Yaro ya fasa kofi, uwarsa ta ce, "Ka kyauta, ɗauko sauran ma ka fasa." Babu ɗan da ya taɓa zuwa ya ɗauko. Hanyar gane shi ba wuya: duk maganar da ta ci karo da abin da idonki yake gani, ki tsaya ki sake juya ta. Rana ta take, kaji sun gama kiwon safe, an ce miki gari bai waye ba. Akwai kuma wata alama a cikin ginin jimlar kanta. Ba ta ce "kin tashi" ba, cewa ta yi "su amarya an tashi". In kika ji an ɗauke ki daga "ke" an mai da ke "su wance", aka koma yi miki magana da "an", to ko dai wasa ne ko kuwa akwai ƙaya a cikin tuwon. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani har a gidan biki.

To me ya hana ta fito fili ta ce kin makara? Kunya. Tsakanin uwar miji da matar ɗanta akwai labule, musamman in ɗan na fari ne. Ba ta son a ce daga kawo yarinya ta fara yi mata faɗa. Sai ta naɗe faɗan a cikin gatse ta miƙo miki, ta bar miki ƙofar da za ki gyara ba tare da an yi fito-na-fito ba. Saboda haka ba kalmomin ake amsawa ba, abin da ke ƙarƙashinsu ake amsawa. Da kin rusuna kin ce, "Hajiya a yi haƙuri, barci ne ya sace ni," kin karɓi tsintsiya, da shi ke nan. Fushin kwana biyun nan ba na makara ba ne. Ta ɗauka kin gane sarai, kika mayar mata da baƙar magana. Ba ta san da zuciya ɗaya kika koma ba. Wannan kuwa yana da magani, zan zo kansa.

Bilma gari ne a can cikin hamadar arewa maso gabashin Nijar, a jihar Agadas, inda ake haƙar gishiri tun zamanin kakannin kakanni. Buzaye kan haɗa ayarin raƙuma ɗaruruwa su ratsa rairayin Tenere, su yo lodin kantun gishiri da dabino su gangaro da su kasuwannin ƙasar Hausa. Yanzu ki auna: gishirin ayari guda cur a cikin tukunyar miyar kuka. Wannan ita ce kambamawar da kika haddace, a hura abu ya wuce hankali don a ji nauyinsa. Ba ƙarya ba ce, domin mai faɗa da mai ji duk sun san ba haka ba ne, kamar dai "na kira ki sau dubu" ko "yunwa za ta kashe ni". Ta kuma sa shi cikin tambayar da ba a jiran amsarta. Ni a ganina wannan maganar ta alheri ce. Wanda ya ƙullace ki ba ya ɓata lokaci yana yi wa laifinki ado, ture kwanon zai yi ya tashi. Ta ja ki ne cikin raha a gaban kowa. In ta sake irin wannan, ki yi murmushi ki ce, "Hajiya, raƙumi ɗaya ne ya ɓalle." Za ki ga yadda za ta dube ki.

Kukan da kika yi a kan kaka shi ya fi ba ni tausayi, don hawaye ne aka zubar a banza. A al'adarmu kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, matar da ya auro kuwa ta zama kishiya. "Mummuna" a bakin tsohuwar nan ma'anarsa ta karɓe ki. Ranar da kika gaishe ta ta amsa a taƙaice, ba tsokana ba zolaya, ranar ce za ki binciki kanki. Wannan wasa yana da faɗi a ƙasar Hausa: akwai na taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, akwai na Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. A cikin gida kuma, ƙannen mijinki maza da mata abokan wasanki ne, za su iya ce miki "matarmu" su kushe girkinki, ke ma ki rama. Sai dai wasan yana da iyaka mai kaifi. Abin da za ki faɗa wa kaka a yi dariya, in kika faɗa wa Hajiya ko yayan mijinki sai an tara manya. Kalma ɗaya ce, bakin da ta fito da kunnen da ta shiga su ne suke yanke mata hukunci.

Sanyin hali da sanyin jiki kuwa ko kusa ba su haɗa hanya ba. Na farko yabo ne babba, mai haƙuri, marar hayaniya, wadda ba a jin kanta da kowa. Uwar miji ta faɗi haka a gaban baƙi, a bayan idonki, ai kin ci riba. Na biyu suka ne, wai ba ki da kuzari, aikin minti goma sai ya ci miki awa. Hausa cike take da irin waɗannan, inda ake ɗaukar gaɓar jiki a jingina mata launi ko zafi ko nauyi, ma'ana ta tashi daban: farin jini da baƙin jini, taurin kai, zafin nama, mutuwar zuciya, dogon hannu ga mai ɗauke-ɗauke, hannu da shuni ga mai dukiya. Ba a fassara su kalma-kalma, haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen dangi. Kuma ki lura, ke da kanki kin rubuto min cewa Hajiya "ba ta sake min fuska ba". Da igiya aka ɗaure fuskar? Ashe kina da abin a bakinki, ba ki dai san kina da shi ba.

Yanzu ga darasin naki na makaranta, a gurguje. Kamantawa ita ce a jera abu biyu a sa ƙugiya a tsakaninsu, irin su kamar, tamkar, sai ka ce, awa. Wani lokaci a daidaita su, "dogo kamar giginya". Wani lokaci a fifita ɗaya, "ya fi zuma zaƙi". Wani lokaci a nuna kasawa, "ko ƙafarta ba ta kama ba". In aka cire ƙugiyar aka ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye, an shiga siffantawa: barci ɓarawo ne, magana zarar bunu ce, Kano tumbin giwa. Siffantawa ta fi kamantawa duka, domin "kin yi kamar kura" da sauran rangwame, "ke kura ce" kuwa an gama magana. Jinsintarwa kuma a sauya wa abu jinsi ne. A ba marar rai halin mutum, kamar "wuta ta ƙi kamawa" ko "talauci ya yi masa sallama", wannan mutuntarwa. A mai da mutum dabba, kamar yadda fadawa ke ce wa sarki zaki ko toron giwa, wannan dabbantarwa. A mai da shi wani abu, bango abin jingina ko garkuwar jama'a, wannan abuntarwa. Malamai kansu sukan yi gardama a kan inda siffantawa ta tsaya dabbantarwa ta fara, kada wannan ya hana ki barci. Alamtarwa ita ce a ambaci abu ana nufin abin da yake wakilta: rawani sarauta, kujera mulki, tsintsiya haɗin kai. Su amsa-amo da sauran kayan awon baiti ki bar wa masu rubuta waƙa, ba su ne suka hana ki sakewa a gidan miji ba.

Wadda za ta yi miki amfani, kuma ba ta cikin jerin naki, ita ce sakayawa. Bahaushe ba ya son kiran wasu abubuwa da sunansu. Ba a cewa wane ya mutu a gaban iyalinsa, sai ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya. Mai ciki tana da juna biyu, in ta haihu ta sauka, gidan kuma an sami ƙaruwa. A nan ki kula da lanƙwasar ƙ ɗin nan da kyau, 'yar Fatakwal, don in kika miƙe ta kin faɗi wata kalmar da za ta sa a yi salati. Ranar da Hajiya ta dube ki ta ce, "Amarya, wannan kasala taki lafiya kuwa?" ba zancen aiki take yi ba, ki sunkuyar da kai kawai.

Saura facala da kajinta, kuma a nan ne zan daɗe, don shi ne ainihin ciwon.

Abin da take yi habaici ne, ta hau dabbantarwa ta isar da shi. Kaza takan ci tsaba ta goge bakinta a ƙasa kamar ba ta ci komai ba, shi ya sa aka mai da ita misalin wanda ake yi wa alheri ya nuna bai san an yi ba. Ƙarfin habaici duk a wuri ɗaya yake: ba ya ɗauke da suna. Kibiya ce da aka harba sama, mai ita yana da damar cewa shi tsuntsu ya nufa. Nan ya bambanta da zambo. Zambo yakan zana mutum, tsayinsa, tafiyarsa, haƙoransa, rowarsa, har kowa ya gane shi ko ba a kira sunansa ba. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da shi suke rusa 'yan'uwan sarki masu hangen gadonsa, su wasa ubangidansu su kwance wa abokin takararsa zani a kasuwa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, manyan mutane sun ji tsoron bakinsa saboda wannan. Habaici kuwa makamin wanda ba shi da ikon fitowa fili ne, shi ya sa ya yi kaka-gida a cikin gidajen yawa. Mata sun zuba shi a waƙoƙin daka da na niƙa, Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta ɗora shi a kan ƙwaryar amada ta kai shi gidajen biki. Direbobi suna rubuta shi a bayan mota, "hassada ga mai rabo taki". In kina son jin sa da zafinsa, ki kunna rediyo da dare lokacin siyasa ki saurari sojojin baka na Kano, za su yi rabin awa suna dukan mutum ba su ambaci sunansa ba. Gugar zana da shaguɓe duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shi, a goge ki da magana a wuce kamar ba a yi ba.

To tunda ba shi da suna, ba ya zama naki sai kin miƙa hannu kin karɓa. Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni na koyi wannan da tsada. Ina amarya, ban fi wata uku a gidan ba, wata facalata tana daka tana waƙa a kan baƙuwar akuya mai shiga ko'ina ba sallama. Jinina ya hau, na fito na riƙe ƙugu na ce, "Da ni kike?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta juya taɓarya ta ce, "Ni da turmina nake. Akuya ce ke?" Gidan ya ɗauki shewa. Shekara da shekaru ana kirana Da-ni-kike a gidan nan, har yaran da aka haifa bayan abin. Da na wuce abina da butata, da waƙar ta ƙare tare da dakan.

Amma kada ki ɗauki shirun da nake ba ki shawara a matsayin toshe kunne, irin "share su" da maigida ya ce. Habaici ba a amsa shi a fili, amma ana kai shi ɗaki a kwance shi a ga abin da ke ciki. Facalarki tana cewa ta yi miki wani abu ba ki gode ba. Ki zauna ki yi lissafi tsakaninki da Allah. Makonnin farko na amarci, wa yake aiko miki da abinci? Wa ya nuna miki inda ake shanya da inda ake zubar da shara, wa ya raka ki gaida dangi? Kin taka har ɗakinta kin yi godiya, ko kin tsaya a "na gode" ta bakin ƙofa? Yaran da take aikowa da kwano, kin taɓa ba su tukuici? In 'yarta ba ta da lafiya, kin leƙa? A inda kika taso wataƙila waɗannan ba komai ba ne, a gidan yawa kuwa su ne harajin zama. In kin duba kin ga da gaskiyarta, kada ki je ki ce "na ji abin da kike faɗa wa kaji". Kin karɓi habaicin ke nan, kin kuma tsare ta a lungu, dole ta musa. Ki bari kwana biyu su wuce, ki yi girki mai kyau, gishiri daidai, ki ɗauka da kanki ki kai mata, ki ce, "Yaya, tun zuwana kike ɗawainiya da ni, ban taɓa zama na gode miki yadda ya kamata ba." Da habaici ta yi magana, ke kin amsa da aiki, babu wadda ta ji kunya. In kuma kin duba ba ki ga komai ba, tsabar kishin faccalanci ne, to ki bar ta da kajinta, su suka san abin da ke tsakaninsu.

Shawarar ƙawarki kuwa ki ajiye ta inda kika same ta. Na farko, ba ki iya ba tukuna. Wadda aka ce mata gari bai waye ba ta koma ta kwanta, ita ce za ta shiga fagen habaici da matar da aka yaye ta da shi? Na biyu, habaicin tsakar gida iska ce ke kwashe shi, mai shi ma ta iya cewa da kaza take. Na waya kuwa rubutu ne, ana ɗaukar hotonsa, kafin la'asar ya isa wayar Hajiya da ta 'yan'uwan mijinki na Kaduna da Abuja, kowa da fassararsa. Kina nufin facala, ƙanwar miji ta tsargu, uwar miji ta ce da ita ake. Na ga auren da sitatus ɗaya ya kai shi gaban alƙali.

Akwai dai inda shiru yake ƙarewa. In magana ta tashi daga habaici ta koma gori, ana taɓa iyayenki, ko asalinki, ko a fara ƙirga miki watanni ana zancen haihuwa, wannan ba adon harshe ba ne kuma, cin mutunci ne. A nan za ki sami maigida cikin natsuwa, ba da kuka ba, ki gaya masa abin da aka faɗa da wanda ya faɗa da ranar da aka faɗa, a miƙe ba sakayawa. Shi ya kawo ki gidan, shi ya san ta inda zai bi wa yayansa da mahaifiyarsa. Ki gaya masa ma in ji ni, "share su" ba amsa ba ce ga wadda ba ta san abin da za ta share ba. Shi da aka haifa a gidan, minti biyar bayan sallar isha'i ya ishe shi ya warware miki maganganun yini guda.

Game da Hajiya, ki sami lokacin da take ita kaɗai, ki durƙusa ki gaya mata gaskiya: "Hajiya, ran nan da kika ce gari bai waye ba, wallahi ban gane ba, na ɗauka da gaske an ba ni izini ne. Hausar tawa ta Kudu ce, a riƙa koya min." Ina mai tabbatar miki za ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ba da labarin a gidan suna da gidan biki, amma daga ranar kin tashi daga mai raini kin koma 'yar koyo, kuma tsofaffi ba abin da suke so kamar a ce su koyar. Ki samo ƙaramin littafi ki riƙa rubuta duk maganar da ta wuce ki, da wanda ya faɗa, da abin da ake yi lokacin da aka faɗa, don in babu waɗannan biyun maganar gawa ce. Cikin ƙannen mijinki ki zaɓi mai hankali ta zama tafintarki.

Babbar malamarki kuwa ita ce tsohuwar da kike gudu. Ita kaɗai ce a gidan nan za ki yi kuskure a gabanta ba a riƙe ki ba, don haka a kanta za ki wasa bakinki. Ranar Juma'a ki sayi goro fari mai kyau da ɗan turare, ki shiga ɗakinta ki zauna a bakin tabarma. In ta ce, "Ga mummunar nan ta zo," ki ajiye mata ƙullin ki ce, "Kishiya, ga toshiyar baki. Mijin dai ya riga ya zaɓa, sai haƙuri, in kin ga dama in riƙa bar miki shi ranar da ba ni da girki." Sai ki gyara zama, don abin da za ta mayar miki ba zai shiga shafi ɗaya na littafin naki ba.

Gwaggo